Rasuwar Ɗan Goyo, Injin Tashi Sama na Gidan Buba Direba

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, ni Habsatu mai dambu ta ƙofar Babbar Kasuwa, mazauniyar Lamordé, nake sanar da ƴan uwa da maƙwabta da abokan ciniki, na wannan gaɓa da na tsallaken kogi, rasuwar injin tashi sama na gidanmu, wanda mai shi ya raɗa wa suna Shaho, unguwa kuma ta san shi da Ɗan Goyo. Ya rasu ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, a Tondibia, a gaban shaidu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tambayi limamin unguwa ko ya halatta a faɗi haka a kan ƙarfe. Ya ce ko igiyar takalmi ce ta tsinke wa mutum yana iya faɗa. To, na faɗa.

Ga wanda bai san marigayi ba, inji ne da ake goyawa a baya, a tayar da shi, ya ɗaga mutum sama ya kai shi inda za shi, ba jiran motar haya ta faba-faba, ba cunkoson gada. Haka dai aka yi niyya. Ya rayu damina biyu a cikinmu, bai cuci kowa da gangan ba.

Mahaifinsa shi ne maigidana. Bakina ba ya kama sunansa, amma alƙalami ba baki ba ne: Buba Direba. Tun kafin ya aure ni yake jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Yamai da Kotonu. Da hanyar ta rufe, mai motar ya sayar da ita, shi kuma ya dawo gida ya shimfiɗa tabarma a rumfa ya zauna. Mutumin da in ya yi dariya ake jin sa daga bakin titi sai ya koma kallon bango. In na ajiye masa abinci na tafi kasuwa, na dawo in tarar kaji sun fi shi ci. A lokacin ne Moussa ya fara zuwa mana hira. Moussa abokinsa ne tun suna yaran mota. Yanzu yana jigilar mutane da ruwan sha zuwa ramukan zinariya can arewa, gaba da Agadas, kuma kullum yana neman direban da ba ya tsoron hanya mai nisa. Yakan zauna ya sha shayinmu, ya ce namiji ba ya ruɓewa a rumfa.

Na san wannan hanya ko da ban taɓa bin ta ba. Ita mijin maƙwabciyata Zalika ya bi. Da farko yana aiko mata da murya a salula, daga baya muryar ta daina zuwa. Har yau Zalika ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma gajeriya ce. Saboda haka duk wanda ya ga ina kukan ƙarfe, ya san abin da ƙarfen nan ya tare mini.

Ɗiyarmu Iklima, wadda ke karatu a jami'a nan kusa da mu, ita ta jawo haihuwarsa, ba da niyya ba. Wata rana ta nuna wa ubanta hoto mai motsi a salularta. Wani Bature ne da inji a baya, ya buɗe hannuwa, ya tashi kamar an ja shi da igiya, ya bi ta kan wani ruwa ya sauka a tsallake ko takalmi bai jiƙa ba. Mai bayani yana cewa da Faransanci nan gaba haka mutane za su riƙa zuwa wurin aiki. Don ya yi dariya ta nuna masa. Bai yi ba. Ya ce ta maimaita, ta yi ta maimaitawa har salular ta mutu. Sannan ya juyo ya tambaye ni yaushe nake isa kasuwa. Na ce masa wannan sai gada ta faɗa. In raƙuma da amalanke da faba-faba suka haɗu a kanta, dambu yakan huce kafin in sauka, masu ci kuma sun riga sun cika ciki da shinkafar wata. Ya ce in ta sama ne, daga Lamordé zuwa kasuwa ko ruwan shayi bai isa ya tafasa ba. Ya tashi ya naɗe tabarmar. Tun da hanya ta rufe ban taɓa ganin tabarmar nan a naɗe da rana ba sai ranar.

Ba a haifi marigayi rana ɗaya ba. Zuciyarsa injin ban ruwa ne na wana Mu'azu, mai lambu a Tondibia, wanda ya ba da shi yana zaton gyara za a yi masa. Ƙashin bayansa kujerar ƙarfe ce da aka yanke wa ƙafafu. Huhunsa bokitai biyu ne da aka fasa wa gindi, aka sa musu fukafukan fanka a ciki, bakinsu yana kallon ƙasa. Fanka ɗaya tamu ce, ɗayar ta Zalika. Da kanta ta miƙo ta ta kan katanga, tana cewa ita ba ta yarda da wannan hauka ba, amma haukan da ake yi a tsakar gida ya fi hankalin da ake tafiya da shi arewa. Ta sha zafin bazara biyu ba fanka, ba ta taɓa tambayar kayanta ba.

Abu ɗaya ya gagari maigida, shi ne ɗaurawa. Ya gwada bel ɗin kujerar taksi, ya gwada igiyar ɗaurin kaya irin ta direbobi, amma da zarar an tayar da inji sai ya kama karkarwa ya sulluɓo zuwa ƙugu. Ina zaune ina tsinke zogale ina kallonsu. Da abin ya ishe ni, na ce masa abin da ake goyawa ba a ɗaure shi kamar buhun siminti. Na sunkuya aka ɗora mini shi. Na jawo zane na ratsa ta ƙarƙashin kujerar na ɗaure a ƙirji, na ƙara da majanyin da na goyi Iklima da shi. Ya zauna daram. Da aka ja igiya ya fara kuka, sai na ji ina jijjiga shi ban sani ba. Zalika ta leƙo ta ce barka da arziki, yaushe ne suna. Daga ranar babu wanda ya sake kiran sa Shaho sai mahaifinsa, kuma daga ranar ni ce mai goyo. Dama don ni aka yi shi, ga shi kuma maigida yana da ciki irin na tsoffin direbobi.

Duk wanda ya zauna a layinmu ya san muryar marigayi. In aka ja masa igiya ta farko yakan ce “tuf”, ya yi shiru, kamar tsohon da aka tasa daga barci yana tunanin ko ya amsa. A ta biyu ya ce “tuf-tuf-tuf”. In ya ga dama a ta uku sai ya kama “tatatatata”, daga nan bokitan su karɓa da “wuuuu”, kaji su haye katanga, mai shanya ta ruga ta kwashe. In zai tsaya kuma ba ya tsayawa da rashin ladabi. Yakan yi tari biyu, ya ce “fiss”, sannan ya yi shiru.

Halayensa na kirki suna da yawa, abin da na tuna shi zan faɗa. Bai taɓa ƙin aiki don ba shi aka haife shi ya yi ba. Ya hura mini murhu da ɗanyen itace har dambu ya nuna kafin a idar da sallar asuba. Ya sheƙe wa matan layi gero, ko da yake rabin geron yakan tafi tare da ƙaiƙayin, mun ɗauke shi sadakar tsuntsaye. Damina biyu sauro bai kwana a tsakar gidanmu ba. Ranar Babbar Sallah, da aka jera raguna a kan itatuwa ana gasawa a bakin titi, an zagaya da shi daga wuta zuwa wuta, ni ina goye da shi ina juya wa garwashi baya, maigida yana riƙe da wayar ba da wuta. Ragunan layinmu sun riga na kowa gasuwa a duk Harobanda, wato wannan gaɓar tamu ta kogi. Wasu ma sun wuce gasuwa, amma masu su sun yafe. Bai san girman kai ba. Yaran unguwa sun yi masa waƙa, ɗaliban jami'a sun zo sun ɗauki hotonsa suna ƙunshe dariya, bai fasa kukansa ba.

Babban alherinsa kuwa shi ne abin da ya yi wa mahaifinsa. Maigida ya koma tashi kafin ladan. Ya koma cinye abinci har ya tambayi saura. Yakan hau babur ɗin kabu-kabu ya tafi wurin masu tsoffin ƙarafa ya wuni yana tonon noti ɗaya, ya dawo da baƙin mai har goshi yana ba ni labari kamar daga Kotonu ya sauka. In Moussa ya zo, sai ya tarar da ƙafafunsa kawai, sauran jikin yana ƙarƙashin kujera. Moussa ya sha shayinsa shi kaɗai ya tashi.

Game da tashi sama, gaskiya zan faɗa, don ba a yi wa mamaci ƙarya. A tsakar gida marigayi bai taɓa raba ni da ƙasa gaba ɗaya ba. Amma akwai wata Juma'a da la'asar, maigida ya gaji, ya ce in yau bai motsa ba zai mayar wa Mu'azu da injinsa. Aka ja igiya, aka ba shi wuta har ƙarshe, zanena yana kaɗawa, ƙura ta rufe tsakar gida. A nan dugadugaina suka bar ƙasa. Yatsun ba su bari ba, amma dugadugan sun bari, har maigida ya kwanta rub da ciki ya zura tafin hannunsa a ƙarƙashinsu. Ya tashi idonsa da ruwa, ya ce ƙura ce. Akwai masu cewa ɗage na yi. Su da Allah. Zalika tana kan katanga ranar, kuma ta rantse wa duk wanda ya tambaye ta cewa ta ga haske tsakanina da ƙasa.

Rashin lafiyarsa ta fara ne bayan Sallar bana. Toka da hayaƙin kitse sun shige masa ƙirji. Ya koma tari, yana fitar da baƙin hayaƙi, in ya ce “tuf” ɗaya sai ya kwana bai ƙara ba. An canza masa buji, wato fulogi, an wanke masa ciki da kananzir, an kai shi wurin mai gyaran babura a bakin gada, ya duba ya ce shi bai san ta inda ake fara gaishe da wannan ba. Ana cikin wannan jinya Moussa ya dawo daga arewa da sabuwar salula da agogo mai ruwan zinariya, ya ce direbansa ɗaya ya gudu, kujerar direba tana nan, amma ba za ta jira har abada ba. Ina bayan ƙofa ina ji. Maigida ya ce a ba shi gwaji ɗaya. Zai sa wa Shaho sabon karbirato ya kai shi fili. In ya tashi, zai zauna ya ƙera wa matan kasuwa irinsa, kowace da nata. In bai tashi ba, zai bi Moussa arewa. Suka tafa a kan haka.

Daga nan sai ranar gwaji ta yi ta samun matsala. Ranar farko bayana ya riƙe. Ta biyu aka yi suna a gidan ƙanwar Zalika, kuma majanyin yana wurin wanki. Ta uku na yi mummunan mafarki. Ta huɗu Zalika ce ta yi mafarkin. Maigida yana dai kallona. Ran Juma'a da yamma ya ɗauki majanyin da kansa daga kan igiyar shanya, ya ninke, ya ɗora a kan marigayi. Na gane ba sauran mafarki.

Asabar da safe muka sa shi a taksi zuwa Tondibia. Mai taksi ya ce sai an biya masa kujera kamar mutum, aka biya, ya zauna a gaba. A lambun Mu'azu aka yi, a bakin ruwa, inda yashi yake da faɗi. Niyyar ita ce in tashi daga nan, in yi ɗan kewaye ta kan ruwa, in dawo in sauka kusa da kabeji. Mu'azu yana nan da maƙwabtansa masu lambu, da wasu dattawan danginmu da suka ji labari, da Moussa yana jingine da mangwaro yana duba agogonsa. Zalika ta biyo mu, ta ce gara ta gani da idonta.

Na sunkuya aka ɗora mini shi, na ɗaure. Aka ja igiya. Bai ce “tuf” ba. Kai tsaye ya kama, da wata murya da ban taɓa jin sa da ita ba, siririya, mai shiga haƙori. Ko wuta ba a ba shi ba na ji majanyin yana ja na sama ta hammata. Na dubi kogi, na dubi maigida. Shi ma kogin yake kallo. Ya miƙa hannu ya kashe inji.

Ya ce, “Kwance shi, Maman Iklima. Ba ki iya ruwa ba.”

Na ce, “Kai ka iya?”

Ya cire hularsa ya ba Mu'azu riƙo, ya sunkuya. Muka ɗora masa. Na warware zanen zan ratsa masa ta ƙirji yadda ake yi, sai ya ɗaga ido ya ga surukansa a jere suna kallo. Ya ce mini a hankali, ta yadda ni kaɗai zan ji, shi ba za a ɗaura masa majanyi a gaban dangin matarsa ba. Na ce masa injin ba ya zama sai da majanyin. Ya ce ya ɗaure kaya daga Kotonu har Yamai ko buhu ɗaya bai taɓa faɗo masa ba. Ya jawo bel ɗin taksi ya rataya a kafaɗu biyu, ya ƙulla wayar ba da wuta a jikin kujera don hannuwansa su samu buɗewa irin na Baturen nan. Ya ce Mu'azu ya ja igiya.

Jama'a, marigayi ya tashi.

Ya sulluɓe daga bayan mahaifinsa kamar yaron da ya ga nono a wani wuri. Ya bi ta kansa, ya tafi da bel ɗin da rabin rigar. Ya wuce tsayin mangwaro, ya wuce tsayin giginya, yana cewa “wiiiii”, yana juyawa a hankali kamar yana duba mu ɗaya ɗaya. Ya miƙi kogi. Masunta da ke cikin kwalekwale suka kwanta. Maigida yana tsaye a yashi da hannuwa a buɗe, kansa a sama, bakinsa a buɗe, ƙafafunsa biyu suna ƙasa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da aka haifi Iklima. Marigayi ya kai kusan tsakiyar ruwa. A can ya yi tarinsa biyu. Muna jiran “fiss”, nisa bai bari mun ji ba. Ya sauko a kan wani baƙin dutse da ya fito daga ruwa, ƙarar ta iso mana daga baya. Bai sha wahala ba.

Masunta ne suka kawo gawar, a tafiya biyu. Mu'azu ya daɗe yana kallon abin da ya rage na injin ban ruwansa, sannan ya ce Allah ya sa can ya fi masa nan. Zalika ta kama hannuna ta ce “fonda tilas”, yadda Zabarmawa suke ta'aziyya, kuma ba da wasa ta faɗa ba.

Tun a bakin ruwan gardama ta tashi, kuma ita ce dalilin da ya sa na tsawaita wannan sanarwa. Moussa ya ce alkawari ya cika, inji bai ɗauki kowa ba, ran Alhamis motarsa za ta tashi. Ni kuwa ina bayan ƙofa ranar da suka tafa, kuma kunnena lafiya lau. Cewa aka yi in ya tashi. Ba a ce da wa ba. Ya tashi a gaban dattawa, a gaban masunta, a gaban masu kabeji. Duk wanda ya ce marigayi ya mutu bai cika aikinsa ba, ya ci naman mamaci. Moussa ya ce wannan lissafin mata ne. Maigida bai goyi bayan kowa ba. Ya karɓi hularsa ya sa a kan yagaggiyar riga, muka koma gida. Washegari ya fita ya sayo rawani da tabarau na masu shiga hamada, ya ce in haɗa masa kayansa a jaka, har da ƙarafan aikinsa. Na haɗa. Ni ba mai saɓa wa miji ba ce. Jakar ya jingine ta a bakin ƙofar ɗaki, sannan ya warware tabarma.

Marigayi ya rasu ya bar mahaifinsa, wanda aka ambata. Ya bar ni, mai goyonsa, da tabon ƙuna a kafaɗar hagu wanda ba na so ya ɓace. Ya bar yayarsa Iklima, wadda ta ce ba za ta sake nuna wa kowa komai a salula ba. Ya bar kawunsa Mu'azu, da kabejin da yanzu ake ba ruwa da gwangwani. Ya bar bokiti ɗaya da rai, ya lotsa amma yana riƙe ruwa in an toshe gindin. Ya bar ƙafafun kujera huɗu da aka yanke masa tun yana jariri, suna bayan ɗaki. Fankar Zalika ta riga mu gidan gaskiya tare da shi. Ya kuma bar matan Babbar Kasuwa da suka riga suka yi layi a baki, musamman Bilkisu mai tattasai, wadda ta ce a ƙera mata nata da wurin rataya kwando. Duk za mu ci gaba da bin gada har Allah ya kawo sauƙi.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ba za a yi masa salla ba, wannan ma na tambaya. An wanke shi da man gazuwal, an jera gaɓoɓinsa a kan buhu a rumfa, an lulluɓe shi da majanyin. Masu sayen tsoffin ƙarafa da suka fara zagaye da amalanke tun ran Lahadi, ina roƙonsu su ji tsoron Allah su bari gawa ta huce.

Zaman makoki a gidanmu ne, a Lamordé, layin da ke bayan mai gyaran babura, gidan da ba kaji a kan katanga yanzu. Maigida shi ne mai karɓar gaisuwa, kuma kowa ya san mai karɓar gaisuwa ba ya barin tabarmarsa ya yi tafiya, mutane su zo su tarar da wuri ba kowa. An yi sadakar uku. Sadakar bakwai ran Juma'a ce, wato kwana ɗaya bayan Alhamis. Ba ni na tsara kwanakin mako ba. Ta arba'in ma za a yi ta cikakkiya, da dambu da kopto, wato kwaɗon zogale, kowa ya zo da cikinsa.

Ina roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su zo rana ɗaya. A rarraba. Masu lambun Tondibia su ɗauki safiya, direbobi su ɗauki bayan azahar, ɗaliban jami'a da suka yi dariya su zo su biya bashin dariyarsu da la'asar. Wanda ya zo ya zauna sosai, shayi ba ya ƙarewa. Kada a ce wa maigida sai haƙuri a tashi. A ɗaga majanyin a duba mamacin, a tambaye shi wannan mene ne, wancan me yake yi. A tambaye shi yadda aka yi abu mai nauyin buhun gero ya wuce giginya. Wanda yake da ƙarfin hali ya ce masa, a ganinsa, ko da an ɗaure da kyau ba zai ɗaga mutum ba. Moussa ma ana gayyatarsa, abokin mahaifin mamaci ne. Ya zo a ƙafa, ba da motarsa ba.

Na san za a karanta wa maigida wannan sanarwa. A karanta, ba a ɓoye na rubuta ba.

Game da ranar rufewa, ga inda aka tsaya. Jiya mai gyaran babura ya zo gaisuwa, ya ɗaga majanyin, ya ƙwanƙwasa zuciyar marigayi da ɗan yatsa, ya ce wannan ta tsage, ko wanda ya ƙera ta ba zai tashe ta ba. Maigida ya ce ba ta tsage ba, murfin ne. Mai gyara ya ce ta tsage. Bayan ya tafi, maigida ya kira ni ya tambaye ni ina ƙaramin kile ɗinsa na kwance noti. Na ce yana cikin jakar tafiya, tunda shi ya ce a haɗa da ƙarafa. Ya ce ta wane gefe. Na ce a can ƙasa, ƙarƙashin komai, don abu mai nauyi shi ake fara sawa. Ya zazzage jakar a kan gado, ya ɗauki kile ɗin ya fita rumfa. Tufafin da ya bari a warwatse na ninke su na mayar akwati, don ba a barin kaya a kan gado a gidan makoki.

Saboda haka an ɗage rufe marigayi har sai an gama binciken gawa. Ana buƙatar fanka biyu da kujerar ƙarfe ɗaya, ga wanda Allah ya hore wa. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya bar mana waɗanda suka rage a inda muke ganinsu.

Habsatu mai dambu, Lamordé, a madadin iyalan mamaci.